Dajin da ya tsira daga gatari, ya faɗa hannun masu selfi

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana yawan zagaya TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum ya goya jaka, yana bin wata siririyar hanya cikin daji, bishiyoyi sun miƙe sama har ba a hango ƙarshensu, shi kuma a gindinsu ya koma kamar tururuwa. Wasu kan ce ai haɗin kwamfuta ne. To ba haɗi ba ne. Dajin yana nan a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma abin da ya same shi a 'yan shekarun nan ya shafi duk wani mai waya a aljihu, har da kai da kake karanta wannan shafi a Kano, ko Maraɗi, ko Kumasi.

Sunan wurin Jedediah Smith Redwoods. Gandun daji ne mallakar gwamnatin jiha, kusa da garin Crescent City, dab da iyakar Kalifoniya da jihar Oregon. Faɗinsa ya ɗan haura hekta 4,000, kuma kogin Smith ya ratsa ta cikinsa. Bishiyar da ta yi masa suna ita ce redwud, wato jan itace, saboda launin ɓawonta da na katakonta. Babu irin bishiyar da ta kai ta tsawo a duniya. Mafi tsawonsu da aka auna ta haura mita 115. Filin ƙwallo dai mita 105 ne daga raga zuwa raga, don haka ka ɗauki filin ka tsayar da shi tsaye, har yanzu bishiyar ta ɗara shi. Wasu daga cikinsu kuma sun haura shekara 2,000 a raye.

A can, hanyoyin ƙafa da ke cikin gandun daji akan kasa su gida uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wahala. Ɗaya daga cikin matsakaitan da suka yi suna a wannan gandu ita ce wadda ake kira Boy Scout Tree. Tana farawa daga gefen wata ƙuntatacciyar hanyar mota marar kwalta mai suna Howland Hill, kuma zuwa da dawowa kusan kilomita 9 ne, tafiyar awa uku zuwa huɗu ga mai lafiya. Kada kalmar matsakaiciya ta yaudare ka. Ba hawan tsauni ba ne da sai an ɗaura igiya, amma kuma ba yawon shan iska ba ne da silifas. Akwai hawa, akwai gangara, saiwoyi sun gitta hanya, laka ba ta ƙarewa idan an yi ruwa, sannan sabis ɗin waya sai an yi sa'a. Kusa da ƙarshe akwai wata ƙatuwar bishiya mai jiki biyu a haɗe, ita ce ta bai wa hanyar sunanta, sai kuma wani ɗan ƙaramin ruwa da ke zubowa daga kan dutse, Fern Falls. Wanda ya sha wannan tafiya don ruwan kawai zai ce an cuce shi. Abin kallon duk yana kan hanya ne.

Me ake kallo? Tsohon daji, wanda gatari da zarto ba su taɓa share shi ba. Wannan ya bambanta da dajin da aka sare sannan aka sake dasawa, inda za ka ga bishiyoyi duk tsara ɗaya kamar 'yan aji guda. A tsohon daji akwai kaka, akwai uwa, akwai jika, duk a wuri ɗaya. Bishiyar da ta faɗi ba a ɗauke ta. Tana nan kwance tana ruɓewa a hankali na ɗaruruwan shekaru, ƙananan tsirrai suna fitowa a bayanta, ƙwari da namomin daji suna samun mafaka a cikinta. Can sama kuma, a kan manyan rassa, ganye ya taru ya ruɓe har ya zama ƙasa, wasu tsirrai suka tsiro a kanta, wasu ƙananan halittu masu kama da ƙadangare suke rayuwarsu a wurin. Akwai ma wani tsuntsun teku da ke baro ruwa ya shigo cikin dajin don ya sa ƙwansa guda ɗaya tak a kan reshen tsohuwar bishiya. Shi ya sa ma'aikatan gandun ke roƙon baƙi kada su bar ko ɓarɓashin biskit a ƙasa: ɓarɓashin yana jawo hankaki da danginsu, su kuma idan suka yi yawa sai su bi ƙwan tsuntsun nan su cinye.

Yadda bishiyar ke rayuwa ma abin mamaki ne. Ruwan sama a yankin yakan haura mita 2 a shekara, amma yawancinsa a lokacin sanyi yake sauka. Idan zafi ya zo ruwa ya ɗauke, hazon da ke tasowa daga tekun Fasifik ne ke shayar da ita. Ganyenta yana kama raɓar hazon, wani ya shiga jikinta, wani ya ɗiga ƙasa. Ɓawonta yakan kai kaurin santimita 30, don haka wutar daji kan lashe ta ta wuce ba ta kashe ta ba. Ƙwari ma ba sa son katakonta. Sai dai tana da lago ɗaya, kuma a ƙasa yake. Duk tsawon nan nata, saiwarta ba ta nitsewa can ciki. Da wuya ta wuce mita 3 zuwa 4. Bazuwa take yi gefe da gefe, tana sarƙewa da saiwoyin maƙwabtanta, su riƙe juna idan iska ta taso. Ƙananan saiwoyin da ke zuƙar ruwa da abinci kuwa suna nan dab da saman ƙasa, daidai inda takalmin mutum ke sauka.

Wannan daji bai tsira da kansa ba. Kafin zuwan Turawa, mutanen Tolowa ne ke zaune a yankin kogin Smith, kuma sun ga bala'i a hannun baƙin da suka kwararo bayan an gano zinare a Kalifoniya a 1848. Tare da masu neman zinare masu saran katako suka zo. An kiyasta cewa dajin redwud ya kai eka miliyan 2 a wancan lokaci. Da katakonsa aka gina garuruwa, da shi aka sake gina San Faransisko bayan girgizar ƙasar 1906. Yau abin da ya rage na tsohon dajin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ɗan abin da ya ragen ma sai da wasu suka tashi tsaye. A 1918 aka kafa ƙungiyar Save the Redwoods League, wadda aikinta shi ne tara kuɗi ta sayi daji daga hannun kamfanonin katako ta miƙa wa gwamnati. A 1928 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince jiharsu ta ciwo bashin dala miliyan 6 don sayen filayen gandun daji. A 1929 wata mata, Clara Stout, matar wani attajirin katako da ya rasu, ta ba da kyautar wani yanki mai eka 44 don tunawa da mijinta, kuma yankin yana cikin wannan gandu har gobe. A 1968 gwamnatin tarayya ta kafa nata gandun a maƙwabtaka, a 1980 hukumar UNESCO ta sanya dazuzzukan cikin wuraren tarihi na duniya. Kowace bishiya da kake gani a bidiyon nan, akwai wanda ya biya kuɗi ko ya kaɗa ƙuri'a don ta ci gaba da tsayuwa.

To ga inda zancen ya iso kanmu. A 1998 wasu mutum biyu masu binciken manyan bishiyoyi, Stephen Sillett da Michael Taylor, suka kutsa wani lungu na wannan gandu inda babu hanya, suka tarar da wani rukuni na redwud da ke cikin mafiya girman jiki a duniya. Aka sa wa wurin suna Grove of Titans, wato kurmin ƙattai. Da gangan suka ɓoye inda yake. Ko littafin da ya ba da labarin a 2007 bai faɗi hanyar zuwa ba. Amma ka san halin intanet, ba ta riƙe sirri. Bayan 'yan shekaru aka fallasa inda kurmin yake, hotuna suka bazu, kowa ya ce shi ma sai ya je ya ɗauki nasa.

Tunda babu hanya, kowa sai ya yi tasa. Wannan ya bi ta nan, wancan ya bi ta can, har ƙananan hanyoyi suka yi wa wurin kaca-kaca kamar saƙar gizo-gizo. Tsirran da suka lulluɓe ƙasa suka mutu, ƙasa ta daddale ta yi tauri, saiwoyi suka fito fili, ɓawon gindin bishiyoyi ya goge saboda masu hawa su tsaya a ɗauke su. Shara ta taru, har da bayan gida, tunda babu makewayi a wurin. Ka lura fa, a cikin mutanen nan babu wanda ya zo da gatari. Kusan dukansu masoya daji ne. Da za ka tare ɗaya ka ce masa yana ɓarna, zai rantse maka shi hoto ɗaya kawai ya ɗauka. Gaskiya ya faɗa. Amma hoto ɗaya sau dubu goma ba hoto ɗaya ba ne.

Ƙarshe dai hukumar gandun da ƙungiyoyin sa-kai suka tara miliyoyin daloli, suka gina wata gada ta ƙarfe mai tsawon kusan mita 400 da ta ɗaga sama da ƙasa, don mutane su bi ta kai su kalli ƙattan ba tare da sun taka saiwarsu ba. A gandun tarayya da ke maƙwabtaka kuwa, inda bishiyar da ta fi kowace tsawo take, wadda ake kira Hyperion, ba a yi wannan sassauci ba. An gano ta a 2006, ita ma aka ɓoye inda take, ita ma aka tona. A 2022 hukuma ta rufe wurin baki ɗaya, ta ce duk wanda aka kama a can zai iya biyan tarar dala 5,000 ko ya yi wata shida a gidan yari. Abin dariyar shi ne, idan ka tsaya a gindinta ba ka ma iya ganin samanta, kuma jikinta bai kai kaurin wasu da ke bakin hanya ba. Mutane sun tattake daji ne don su ce sun je, ba don akwai abin gani ba.

Wani zai ce: to don me masana za su san wuri su ɓoye wa talaka? Daji na kowa ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu goyon bayan a mayar da kyawun duniya na 'yan gata kaɗai. Mutumin da bai taɓa shiga daji ba, ba zai taɓa yin fushi idan aka sare shi ba. Amma duba yadda aka warware matsalar kurmin ƙattai: ba a kori jama'a ba, hanya aka yi musu. Hanyar ƙafa a cikin gandu alƙawari ce tsakanin mutum da daji. An sadaukar da siririn wuri ɗaya don a taka, da sharaɗin a bar sauran ya huta. Wanda ya sauka daga hanya don kusurwar hotonsa ta fi ta kowa kyau, shi ne ya karya alƙawarin, kuma shi ne yake jawo a rufe wa kowa ƙofa.

Ka ce ina ruwanka da Kalifoniya, kai da ko fasfo ba ka da shi? Ruwanka kuwa har wuya. Tattaki a daji da hawan duwatsu, abin da matasa ke kira haikin, ya shigo mana da ƙarfinsa. Duk ranar Asabar za ka ga gungun samari da 'yan mata a duwatsun da ke kewaye da Abuja, ko duwatsun Shere a Jos, ko Kufena a Zariya. Abu ne mai kyau, wallahi. Ya fi kwana a ɗaki ana danna waya har wuya ya ƙage, yana gyara jiki, yana rage damuwa, yana haɗa zumunci. Amma je ka duba wasu wuraren bayan an watse. Ledar fiya wata, robar lemo, takardar tsire, sunaye da lambobin waya an rubuta da fenti a jikin dutse, an sassaƙa sunan masoyiya a jikin kukar da ta girmi kakan kakanka. Sifika tana tashi kamar gidan biki, tsuntsaye sun gudu. Halin ɗaya ne da na masu tattake kurmin ƙattai, bambancin kawai mu ba mu da masu tara mana miliyoyin daloli su gyara.

Mu ma muna da tsofaffin dazuzzuka, kuma sun fi na Amurka shiga haɗari. A tsaunin Mambila na jihar Taraba akwai kurmin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin 'yan dazuzzukan kan tudu da suka rage a Najeriya, inda har yanzu birin cimfanzi ke rayuwa. Akwai Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowane girma a ƙasar, inda tsaunin Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake. Akwai Yankari, wanda gwamnatin jihar Bauchi ke riƙe da shi tun 2006, da Falgore a jihar Kano. Kukar da ke bayan garinku ma tana iya zama tsohuwar gaske, don kuka na iya haura shekara 1,000. A gabanmu aka yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, saran kare dangi a Taraba ana lodinta zuwa Chaina, har sai da aka sanya ta a 2017 cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu. A gabanmu ake wucewa da buhunan gawayi mota-mota. Wasu dazuzzukan kuma, irin su Sambisa da Rugu da Kamuku, sunansu kaɗai ya isa ya sa gaban mutum ya faɗi, alhali an keɓe su ne don a kare itatuwa da namun daji. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga, suka daina tambayar lafiyarsa, wasu ne ke gadonsa.

Don haka ba cewa muke ka zauna a gida ba. Ka fita. Amma ka fita da tsari. Ka fara da hanya daidai ƙarfinka, don sannu ba ta hana zuwa. Ka tambayi nisan tafiyar da awannin da za ta ci kafin ka ɗaga ƙafa, ka tashi da sassafe don ka dawo da sauran rana. Takalmi mai riƙe ƙafa, ruwa isasshe, ɗan abin taɓawa, waya cike da caji. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka sanar da wani a gida inda za ka da lokacin da za a sa ran dawowarka. A yanayin da muke ciki, kada ka shiga kowane daji sai ka ji ta bakin mutanen yankin: mai unguwa, mafarauta, ko ma'aikatan gandun. Idan suka ce kada a je, to magana ta ƙare, babu bidiyon da ya kai ranka. Idan akwai ɗan jagora na gari, ku ɗauke shi ku biya shi da kyau. Ranar da mutanen ƙauye suka ga bishiya a tsaye tana kawo musu kuɗi, za su fi kowa tsaron ta.

In kun shiga, ku bi hanyar da aka tanada ko wadda mutanen wurin suka saba bi. Duk abin da kuka shigo da shi ku fita da shi, har ɓawon ayaba. Kada a kunna wuta, kada a karya reshe, kada a rubuta suna a jikin komai. Sifikar nan a bar ta a mota. Ka gwada yin minti goma ba ka ce uffan ba, waya tana aljihu, ka ji abin da daji ke cewa idan aka yi masa shiru.

Sai batun ɗora hoto. Ka ɗora, ba laifi, ta haka wasu za su san ƙasarsu tana da kyau. Amma ka yi tunani kafin ka manna lokeshan. Idan wuri ne da aka shirya don baƙi, da hanya da masu kula, faɗi sunansa kowa ya je. Idan kuwa wani lungu ne da ba shi da mai tsaro, wata tsohuwar bishiya, ko ƙorama, ko kogon da kuka yi tuntuɓe da shi, sunan jiha ko ƙaramar hukuma ya wadatar. Kuma ka jira sai ka dawo gida kafin ka ɗora. A Kalifoniya bayyana wuri bishiya yake cutarwa. A nan gida yana iya cutar da kai kanka, don ba duk mai kallon shafinka ne masoyinka ba. Idan kana da mabiya dubu goma, ka sani duk inda ka nuna da yatsa ƙafafu ne za su bi. In ka tsaya a kan saiwa ka yi hoto, su ma a kan saiwar za su tsaya. In suka ga ka fito da buhun shara a hannu, wasu za su kwaikwaya.

Ku shugabannin ƙungiyoyin haikin, wannan aiki naku ne tun kafin gwamnati ta farka. Ku sa doka a tafiyarku ta Asabar mai zuwa: kowa ya zo da leda ɗaya ta kwashe shara, a naɗa mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, babu mai sauka daga hanya. Sannan ku tambayi ɗan majalisar jiharku nawa aka ware wa gandun dajin jihar a kasafin bana, da ma'aikata nawa ke tsaron sa. Mutanen Kalifoniya sun yi irin wannan tambaya tun 1928. Namu bai ƙare ba tukuna.